Inda Tsirkiya Ta Tsinke

"Ƙara mashi murya, Yahuza, ƙara," in ji Baba Labo, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

Yahuza ya murɗa rediyon da ke bakin tabarma. Ranar Alhamis ce, an sauko daga la'asar, lokacin shirin Zauren Gargajiya da ake yi a wani ƙaramin gidan rediyo na Gazawa. Sautin gurmi ya cika ɗakin, ƙwarya na biye da shi a hankali. Da wannan taken ake buɗe shirin kullum, kuma kowa a ƙauyen ya san hannun Baba Labo ne, tun zamanin da 'yan rediyo suka zo da na'urarsu suka ɗauke shi a gindin tsamiyar kasuwar Gangara. Kiɗan bai yi nisa ba sai ya dusashe, muryar mai gabatarwa ta hau kansa da sallama.

"Kash. Ta sake yanke shi." Tsohon ya mayar da kai. "Kullum a nan. Gaba kaɗan fa Chindo yake."

"Wane Chindo, Baba?"

"Taubashina. Shi ke kaɗa ƙwaryar nan da kake ji. Ba ka san shi ba, kana goye ya rasu." Bakinsa ya ɗan motsa kamar mai shirin murmushi. "Da za ta bar shi ya ƙara gaba ko sau ɗaya, da na ji muryarshi."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Yahuza da na Baba Labo. Tun da ciwo ya kwantar da tsohon farkon damina, Yahuza ke nome masa gona, shi ke sayo masa batir. 'Yar tsohon, Basira, ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Kaset ɗin da 'yan rediyo suka ba Baba Labo wancan lokaci tuni inji ya cinye shi, gurmin kuma yana rataye a bango, ƙura ta rufe shi.

Kafin wata Alhamis ta zagayo, Baba Labo ya daina cin tuwo. Sai ruwan koko, shi ma da cokali. Da safiyar ranar Basira ta leƙo ta kan katanga, idonta ja.

"Yaya Yahuza, tun jiya ba abin da yake tambaya sai ko yau Alhamis."

Yahuza ya jingine hauyarsa. "Akwai batir a rediyon?"

"Akwai."

"To, ki ajiye mashi shi kusa da kunne in la'asar ta yi. Zan je Gazawa."

An yi ruwa da asuba, hanya ta lalace. Shi da mai kabu-kabu sai da suka tura babur a cikin ƙorama, ruwa har gwiwa. Azahar ta wuce kafin ya isa. Ya tarar da mai shirin, Malama Rahina, tana cin gyaɗa a ƙofar buro, wato ofishinta. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi, yana yi yana ɓoye ƙafafunsa masu taɓo.

"Mai gurmin yana da rai?" Ta ajiye gyaɗar. "Wallahi na ɗauka ya daɗe da rasuwa. Ni a yanke na tarar da taken. Wanda ya riga ni ya ce gaban ya ɓaci."

"Ko da ɓatacce ne, Malama."

Ta shiga ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ta yi ta tono har ta fito da kaset mai rubutun biro. Ta hura shi, ta saka a inji. Gurmi ya tashi, ya zo inda ake yankewa, ya wuce. Yahuza ya kasa kunne yana jiran waƙa.

Sai aka ji tas! Tsirkiya ta tsinke. Ƙwarya ta ƙara bugu biyu ita kaɗai ta tsaya. Can sai wani mutum ya fashe da dariya, irin mai fitowa daga ciki, har yana shaƙewa.

"Labo! Gurmin ma ya gaji da kai! A gaban baƙi? Jama'a ku shaida, na ce mashi ya bar ni in yi kiɗan ni kaɗai!"

'Yan kasuwa suka ɗauka da dariya, jaki ya yi kuka daga nesa, kaset ya ƙare.

"Ka ji ko?" in ji Rahina. "Ba waƙa, ba komai. Wannan ba ya fita a iska. Bari in zuba maka shi a katin salula ka kai mashi."

Yahuza ya leƙa waje. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauka, ƙorama ba ta ƙetaruwa sai gobe.

"Kafin in kai kati, ban san abin da zan tarar ba."

"To kana so duk ƙasar nan, har ƙetaren iyaka, a ji tsoho ya yi kuskure ana mashi dariya, yana kwance ba lafiya? 'Ya'yanshi fa?"

Maganar ta tsaya wa Yahuza. Baba Labo mutum ne da ake girmamawa, mutane sun san shi da wannan take mai kyau. Wataƙila ma ya manta abin da ke gaba, yana zaton waƙa ce. Ya gwada kiran Basira, salularta ba ta shiga. Ya zauna a kan benci yana kallon ƙasa. Sai ya tuna yadda bakin tsohon ya motsa ranar da ya ambaci Chindo.

"Ya san abin da ke ciki," ya ce. "Ki sa, Malama. In da laifi, nawa ne."

"Shugabanmu zai ce barci na yi a kan inji."

"Ki ce mashi mai gurmin ne ya roƙa."

Ta dube shi, ta dubi agogo, ta ɗauki kaset ɗin ta shiga ɗakin magana. Ta gilashi Yahuza ya ga hannunta a kan maɓallin da take rage sauti da shi. Wurin ya zo, hannun bai motsa ba. Tsirkiya ta tsinke, Chindo ya yi dariyarsa har ƙarshe. Sannan ta matso ta ce, "Masu saurare, wannan na Malam Labo ne mai gurmi. Baba, in kana ji, muna gaishe ka." Kafin shirin ya ƙare ruwa ya kece.

Washegari da hantsi Yahuza ya isa gida. Tun daga bakin rijiya ya hango tabarmi a ƙofar Baba Labo, maza zaune jeri. Ya yi salati, ya yi alwala, ya samu ɗaukar makara.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga yi wa Basira gaisuwa. Tana zaune cikin mata, rediyon na kan cinyarta.

"Allah ya jiƙan Baba. Ya ji?"

"Ya ji." Ta share ido da gefen mayafi. "Abin nan na tsinkewa, sai ya kama dariya, har da tari, na tallabe shi. Ya ce, 'Ƙarya kake, Chindo, kai ka jiƙa mani ita da gangan.' Ya sha ruwa, ya ce a juya shi gabas. Ana kiran magariba ya cika."

Wata tsohuwa a gefe ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Shi ya jiƙa ta kuwa. Ina wurin."

Basira ta miƙa wa Yahuza rediyon. "Kai ka saba da shi."

Alhamis ta gaba ta same shi a gonar marigayin yana maimai, noma na biyu, gero ya kai ƙugu. Ya rataye rediyon a reshen gawo. Gurmi ya tashi, ya zo inda aka saba, ya dusashe, Rahina ta yi sallama. Yahuza ya tsaya dafe da hauya, kunnensa na jiran tas. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ci gaba da kunyar da ya faro.