Madannan Hannu Ɗaya

Baba ya ɗora hannun dama a kan kibod ya buga layi guda ba tare da ya duba ba, kamar yadda ya saba. Da ya ɗaga kai, sai ya ga tarkacen haruffa a fuskar kwamfutar, babu kalma ɗaya mai ma'ana.

"Auta, zo ka gani. Ko idona ne?"

Auta na tsaye a bakin ƙofar shagon, yana jiran a sa masa albarka. Shi ne jiya, da Baba ya tafi asibiti, ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara, aka share komai aka zuba mata sabon tsari don ta daina nauyi. Bai yi shawara da kowa ba, so ya yi ya faranta wa tsohon rai.

Sai yanzu ya tuna. Tun da ciwon ɓarin jiki ya kashe wa Baba hannun hagu, ƙaninsa, marigayi Baffa, ya zauna da shi suka sauya wa haruffa mazauni a cikin kwamfutar, waɗanda aka fi bugawa suka dawo ƙarƙashin yatsun dama. Da wannan tsarin Baba ya ci gaba da buga wa mutane takardu yana riƙe gidansa. Ba a taɓa ajiye shi a wani wuri ba.

Auta ya kira mai gyara a waya.

"Ɗan samari, ka ce in wanke, na wanke," in ji shi. "Ai ba ka ce in rage maka datti ba."

Auta ya jawo benci kusa da mahaifinsa. "Baba, za mu mayar da shi. Nuna min inda kowane harafi yake."

Baba ya ɗaga yatsa, ya riƙe shi a sama, ya sauke.

"Ni ban sani ba. Hannun ne ya sani."

"To buga kawai, kar ka yi tunani, ni zan duba."

Suka gwada. Amma hannun da ake zuba wa ido ya rikice. Kalma ɗaya Baba zai buga sau biyu, ta fito iri biyu. In suka zaunar da wannan harafi, wancan ya tashi. Kafin la'asar kibod ɗin ya zama ba na Baffa ba, ba kuma na kowa ba.

"Ka yi min faɗa mana, Baba," Auta ya ce a hankali.

"Faɗan me? Alheri ka nufa."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da su ta leƙo da takarda a hannu. "Malam, a buga min wannan, sauri nake. Yau kuma ɗalibi ka samu?"

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya dafa tebur ya miƙe daga kujerar da ba ya barin kowa ya zauna a kai.

"Mayar da kibod ɗin irin na kowa," ya ce wa Auta. "Zauna. Kai hannu biyu gare ka."

Baba ya koma kan benci, mai ɗinkin ta riƙe masa takardar yana karantowa a hankali. Auta na laluben haruffa ɗaya-ɗaya. Da ya saci kallo, sai ya ga yatsun Baba na dama suna tafiya a kan gwiwarsa, ba gargada, har sun riga shi kai ƙarshen layi.