Agogon Yaya

A ɗakin Inna agogo biyu ne. Na bango yana bin lokacin gari. Na tsohuwar kwamfutar da ke kan teburi yana bin lokacin ƙasar da Yaya, babban ɗanta, ya tafi aiki, shi ya saita shi haka da hannunsa kafin ya tafi. Ya kuma naɗi muryarsa a ciki, kullum da safe sai ta ce, "Inna, a sha magani. Sai na zo."

Yaya ya rasu a can. An gaya wa Inna, ta yi kuka har muryarta ta dishe, washegari ta manta. Aka sake gaya mata, ta sake kuka sabo fil. Daga nan Auta, ƙanwarsa, ta rantse ba za ta ƙara gaya mata ba. In Inna ta tambaya, sai ta nuna mata kwamfutar. Inna ta dubi agogon nan, ta dubi na bango, ta ce, "Can wurinsu rana ta yi nisa, yana wurin aiki." Shi ke nan, hankalinta ya kwanta.

Sai muryar ta fara makara da awa guda. Ita kuwa Inna, ko za a kwana ana roƙo, ba ta karɓar magani sai ɗanta ya ce. Ranar da jiri ya kayar da ita a bakin banɗaki, Auta ta ɗauko mai gyara. Ya iso Inna na barci.

"Kai! Wannan ai ta girme ni," in ji shi, yana hure ƙurar madannai. Ya ce ƙasar can ta daina ja da agogonta baya in sanyi ya shigo, ita kuwa kwamfutar ba ta ji labari ba, don kamfaninta ya daɗe da sallamarta. Sai an zuba mata sabon bayanin lokutan ƙasashe da hannu.

"Muryar fa?" in ji Auta.

"Ba abin da zai taɓa ta, 'yar'uwa."

Auta ta kasa tsayawa kallo, ta fita tsakar gida tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Da ya gama ya leƙo yana murmushi, shi a dole ya yi abin kirki.

"Na gyara. Na ma mayar muku da ita lokacin gida, na daidaita muryar a kai. Me za ku yi da lokacin wata ƙasa?"

Wayyo! Auta ta yar da soso ta ruga ɗaki, amma Inna ta riga ta farka. Tana zaune a bakin gado, tana duban bango, tana duban teburi, fuskarta ta yi wani haske da Auta ta manta da shi.

"Auta, zo ki gani. Sun zama ɗaya."

"Inna, gyara aka..."

"Ya shigo gari ke nan. Ki ɗora masa ruwan wanka, kin san shi da ƙin sanyi."

Mai gyara ya tsaya sororo da jakarsa a hannu. Ya ce a hankali zai iya mayarwa yanzu-yanzu. Inna ta ɗora tafinta a kan kwamfutar, ta ce kada wanda ya taɓa mata.

Ta lalubo mayafinta, ta ja kujera zuwa bakin ƙofa, ta zauna tana fuskantar hanya. Auta ta ɗora ruwan. Tana tsugune a gaban wuta, ba ta yarda ta waiwaya ba, don duk motsin da ƙyauren ya yi, ita ma sai ta ji kamar shi ne.