Ƙasar Gindin Gawo

Malamin labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya ce wa Zuhura ta zaɓi tambayar bincikenta da kanta. Ta zaɓi wadda ke ranta tun tana yarinya a Keita: me ya sa hatsi ya fi kyau a gindin gawo?

Ta koma gida ta ɗebo ƙasa leda shida, uku daga inuwar gawo, uku daga fili. Tana tafe tana hango kanta a gaban madubin labo mai nuna ƙananan halittu, wata 'yar duniya tana motsi cikin ƙwayar ƙasa kamar kasuwa ranar cinta.

Da safe ta tarar da kakarta Sabuwa ta juye ledojin duka a faifai guda, ta tankaɗe ƙasar da rariya har ta yi laushi kamar gari.

"Inna, mi kika yi?"

"Ke ɗiyar nan, da saiwoyi da kashin awaki za ki kai ma malami? A ce ba mu san girman mutane ba?"

Zuhura ta dubi tarkacen da aka zubar bakin danga. Kaji na ta tono, sun riga ta fara binciken.