Koren Mayafin Mukarrama a Dutsen Uhudu

Wata biyu da rasuwar Mukarrama, aminiyata tun muna ƴan talla a Paki, Gwaggo Indo ta tafi da ni Umara don in riƙa kama mata hannu. Tun a Ikara ta ja min kunne kada in kula baƙuwar fuska, wai akwai masu cusa wa mutum mugun kaya a jaka.

Ranar da aka kai mu ziyara Dutsen Uhudu na yafa koren mayafin Mukarrama, wanda mahaifiyarta ta ba ni bayan sadakar bakwai. Jama'a na ta ɗaukar hoto, ni kuwa hankalina na kan wata dattijuwa da ke bin mu. Muka je wajen masu dabino, tana nan. Muka koma gindin mota, tana nan. Na rungume jakata.

Sai ta kamo bakin mayafin. "Ƴar nan, wa ya ba ki wannan?"

Na ce, "Na aminiyata ne, Mukarrama."

"Ni na aika wa jikata shi Paki bara. Na ji mutanen Ikara sun zo, shi ne na fito nema. Kullum na kira waya, sai a ce Mukarrama ta je rijiya. Rijiyar ba a dawowa ne?"

Nan na gane ɓoye mata aka yi. Gwaggo ta matse hannuna don in yi shiru, amma hawaye ya riga ya zubo min.

Dattijuwar ta daɗe tana kallona. Ta gyara min mayafin a kafaɗa, ta ce, "Yaushe?"