Yatsu Huɗun Malam Isyaku

A duk Jakara babu wanda bai san zauren Malam Isyaku mai koma ba, don zaren da yake ɗaurewa a ƙusar bango yakan miƙe har bakin lungu, mai wucewa sai ya sunkuya. Shekara arba'in da 'yan kai yana saƙa wa masunta koma, amma shi kansa bai taɓa kama ko ɗan tarwaɗa ba. Bai ma iya ruwa ba. In aka sa shi a kwale-kwale, riƙe gefe yake yi da hannu biyu yana salati har a sauka. Masunta su yi ta yi masa dariya, ranar da komarsu ta yage kuma su zo su tsugunna a gabansa.

Abin taƙamarsa yatsunsa ne. Da yatsa masunta suke auna idon koma. Mai ido yatsa biyu har 'ya'yan kifi take kwashewa, mai yatsa huɗu kuwa sai babbar karfasa take riƙewa, ƙanana su wuce abinsu. Malam Isyaku ya gaji wata al'ada wurin mahaifinsa, wato kowace sabuwar koma da sabon karan awonta. Zai samo gora ya fere, ya ɗaura ido ɗaya a kai, ya zare, ya zura yatsunsa. In idon ya yi sako-sako ya ƙara ferewa, har sai ya haɗiye yatsun cif. A kan wannan karan zai ɗaura duk sauran idanun. In ya gama ya soke shi a jikin azara, ba ya ƙara waiwayarsa. Wani tela maƙwabcinsa ya taɓa miƙo masa tef ɗin awo, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni riga ka ga ina ɗinkawa?"

Bara ciwon suga ya kwantar da shi wata uku. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma da rabin jikinsa ya tashi. Riguna suka yi masa yawa. Zobensa na azurfa ya riƙa zamewa wurin alwala, har matarsa Uwani ta naɗe bayan zoben da zare don ya zauna. Kowa ya ga ramar. Shi kuwa in an yi masa magana sai ya ce nauyin banza ya sauke.

Yawancin masu sayen komarsa a wani dam da ke kudu da birni suke su. Kifin dam ɗin ba shi kaɗai yake yaɗuwa ba, duk shekara daga gidan ƙyanƙyasa ake kawo 'ya'yan kifi a tankuna a zuba. Bana cuta ta shiga gidan ta kashe fiye da rabi, abin da aka zuba bai taka kara ya karya ba. Sai hukuma ta sa doka. Cikin masunta ɗari biyu, arba'in kaɗai za su shiga ruwa, kuma ƙuri'a ce za ta fitar da su. Kowa komarsa ta zama mai yatsa huɗu. Ranar dubawa duk wanda tasa ta gaza, a nan take za a ba na bayansa gurbinsa, shi kuma sai baɗi.

Cikin waɗanda ƙuri'ar ta faɗo wa akwai Maharazu, mijin Hasana 'yar Malam Isyaku. A Gwale suke zaune da yara biyar. Ba shi da gona, ba shi da shago. Ya kamo kifi, Hasana ta soya ta sayar a ƙofar gida, da wannan ake ci ake sha.

Maharazu ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsugunna a bakin zaure kansa a ƙasa. Shekara goma sha huɗu da auren, bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba.

"Baba, ƙuri'a ta faɗo kaina. To amma komata yatsa uku ce. Kwana biyu ina zaga kasuwar Kurmi, 'yar inji mai yatsa huɗu ta ƙare ƙaf, an riga ni."

"Dama wa ya aike ka neman 'yar inji ina raye? Saura kwana nawa?"

"Sati bakwai, Baba."

"Tashi ka sayo zare."

Tun da ya yi ciwo babu wanda ya kawo masa babban aiki, sai ɗan gyare-gyare, kamar ana tausayinsa. Wannan abin ya fi ciwon ci masa rai. Ranar da zare ya iso har waƙe-waƙen bege aka ji yana yi. Ya fere gora, ya ɗaura ido, ya zura yatsu huɗu, ya ƙara ferewa, ya sake zurawa, har ya ji sun zauna cif yadda yake so.

Daga nan bai ƙara zuwa suna ko ɗaurin aure ba. Daga sallar asuba sai azahar, daga la'asar sai haske ya gaza. Bayansa ya riƙe, zare ya tsattsage masa fata, Uwani tana shafa masa man kaɗe tana mita. In ta ce ya huta ya ce, "Tuwon jikokinki nake saƙawa, ki bar ni."

Wata Juma'a, koma ta wuce rabi, Maharazu ya biyo bayan an sauko daga masallaci. Ya gaishe shi, ya jawo gefen komar yana yaba ƙulli. Ya zura hannunsa a ido ɗaya. Ya zare, ya zura a wani.

"Baba, ko za a ɗan..."

"A ɗan me?"

Maharazu ya dubi tabarma. "Babu komai. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin. Je ka gaida mutanen gidan."

Ana saura kwana biyu aka gama, aka ɗaura dalmar da ke nutsar da ita. Ranar Asabar ɗin dubawa Malam Isyaku ya ce da shi za a je. Ya sa farar rigarsa ta Idi, ya shiga gaban mota, komar tana baya a cikin buhu. Yana so ya ga fuskar masu 'yar inji.

Bakin dam ya cika. Arba'in ɗin sun yi layi da buhunansu. Sauran, waɗanda ƙuri'a ta tsallake, suna tsaye a kan tudu sun zuba ido, kowa yana jira wani ya faɗi. Ma'aikacin da ke dubawa, Malam Mika'il, mutum ne mai sanyin magana. Yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai faɗi, kamar wuƙa marar kaifi. Ya tura shi a ido, in ya wuce ya buga hatimi a takarda.

Da aka zo kan Maharazu aka baza komar a kan yashi, har masunta suka matso suna kallo, don aiki ya yi kyau. Malam Mika'il ya tura ƙarfen. Ƙarfen ya tsaya a rabi. Ya gwada wani idon, ya koma tsakiya, ya je can ƙarshe. Ko'ina a rabi yake cijewa.

"Wannan ba ta kai ba," in ji shi.

Malam Isyaku ya matso yana murmushi, irin na babba da ya ga yaro ya yi kuskure. "Ɗana, ƙarfenka ne bai da gaskiya. Duba nan." Ya zura yatsunsa huɗu, suka shige cif. Ya ɗaga hannun da komar a jiki don kowa ya gani.

Malam Mika'il ya dubi hannun, ya kau da kai.

Sai Mubarak, masuncin da aka duba kafin su, ya ce, "Ai tawa ma Baba ne ya saƙa ta, shekara biyar ke nan, kuma ta wuce." Taimako yake nufin yi, bawan Allah.

"To kun ji," in ji Malam Isyaku. "Kawo ta."

Aka kawo. Ya gane ƙullinsa tun daga nesa. Ya zura yatsu huɗu a idon tsohuwar komar, suka shige, suka bar fili a gefe da wani yatsan zai iya shiga. Ya gwada wani idon. Haka. Ya tsaya yana duban hannunsa, ƙasusuwa da fata, da zoben da aka cika da zare. Sai a lokacin ya ga abin da kowa ya daɗe da gani.

Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya kama hannun rigar ma'aikaci. "Ɗana, laifina ne, ba nasa ba. Yara biyar gare shi. Ka riƙe masa gurbinsa sati uku, zan saƙa wata, da ƙarfenka zan auna."

"Baba, dubi kan tudun can. Mutum ɗari da sittin ne, kowa da yaransa, kuma duk ni suke kallo. In na ɗaga maka, da wane baki zan hana na gaba?" Ya yi ƙasa da murya. "Doka ta ce in ƙwace ta. Ba zan ƙwace ba, ku tafi da ita. Iyakar abin da zan iya ke nan, ka gafarce ni."

Ya kira lamba ta arba'in da ɗaya. Wani ya gangaro daga tudu da gudu, buhu a kafaɗa.

Suka kamo hanyar gida a mota. Malam Isyaku yana ta juya abin a ransa, ko akwai wata dabara. Babu. Ƙullin koma ba ya kwantuwa, ido kuma ba ya ƙara faɗi. Ko a wani ruwan ma, masunta daga ko'ina sun riga sun cika shi.

Da la'asar suka iso Jakara. Maharazu ya sauke buhun a zaure, ya tsugunna a inda ya saba.

"Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne, ni ne ban duba ba."

"Ka duba," in ji Malam Isyaku. "Ranar Juma'ar nan ka zura hannunka sau biyu, ina kallonka. Yatsa nawa suka shiga?"

Maharazu ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Uku, Baba. Da kan ƙaramin."

"Me ya hana ka faɗa? A lokacin da sauran sati uku, da na sake wata."

Maharazu ya ƙara sunkuyar da kai. "Na yi ta addu'a ko hannuna ne ya yi kauri. Baba, ta yaya zan dube ka in faɗa?"

Malam Isyaku ya so ya yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Yaron bai yi komai ba sai ladabin da shi kansa yake yabonsa da shi a gaban mutane. Malam Isyaku ya zauna a kan tabarma da rigar Idinsa.

Suna haka aka yi sallama. Hasana ce, da goyo a baya, ta biyo ta Kurmi ta sayo sabon kaskon suya, tana ɗauke da shi a ka. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta, fuskarta cike da fara'a, ba ta lura da buhun da ke bayan ƙofa ba.

"Baba, yaya aka yi? Na ce wa matan layinmu tunda kai ka saƙa ta, ba sai na tambaya ba."

Malam Isyaku ya dubi sabon kaskon. A hankali ya janye hannayensa daga kan gwiwa, ya tura su ƙarƙashin riga.