Sa Babu Tozo

Tun da Basiru ya gama sakandare abu biyu suka rage masa, gonar babansa da wani littafin koyon zane. A bakin tashar Ɗambatta ya samo littafin, cikin tsofaffin littattafan da wani mutum yake bazawa a kan buhu. Bangonsa ya yage, ciki Turanci ne, amma hotunan ba sa neman tafinta. Kowace dabba an nuna yadda ake fara ta. Ka zana ƙwai babba, ƙirji ke nan. Ka zana ƙarami a bayansa, ƙugu ke nan. Ka haɗa su da layi, ka sauko da ƙafafu, ka goge abin da ya yi saura.

Damina guda ya yi yana zana ƙwai. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa, a jikin buhun siminti, har a ƙasa da tsinke in an zauna shan fura a gona.

"Yaya, kajin Inna ma sun huta," in ji ƙanwarsa Ramlat. "Ka karɓe musu sana'a."

Basiru ya ci gaba da zanensa. Da ma ba gwanin tankawa ba ne.

Da aka gama kai gero rumbu, babansa Malam Yahya ya kira shi zaure. Shi ma ba mai doguwar magana ba ne, a wurinsa Basiru ya gado.

"Na yi magana da baffanka Zubair. Yana neman wanda zai riƙa tsaya masa a kan awo da lodi a kasuwar hatsi ta Dawanau."

"Baba, ina da sana'a."

"Wacce?"

"Zane."

"Wa ya taɓa kiran ka ka yi masa?"

Basiru ya dubi tabarma.

"To," in ji Malam Yahya. "Sana'a ita ce wadda aka kira ka, aka kuma sake kiran ka. In ka samu haka kafin baffanka ya neme ka, zauna. In ba ka samu ba, ka san hanyar tasha."

Dawanau Basiru ya san ta. Ya taɓa raka baffan sau ɗaya, ya ga samari sa'anninsa sun yi furu-furu da ƙaiƙayi tun safe har magariba, hannu bai da lokacin riƙe komai sai igiyar ɗinkin buhu. Wanda ya shiga can ba ya fitowa da fensir.

Ana nan sai kira ya zo. Alhaji Madu, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun ba a haifi Malam Yahya ba, ya buɗe shagon maganin dabbobi a bakin kara, inda ake cinikin shanu ran kasuwa. An shafe bangon shagon da farin fenti, fili guda, ba ko ɗigo.

"An ce kana zane," in ji Alhaji.

"Ina taɓawa, Alhaji."

"Sa nake so a nan. Ƙato. Wanda in Bafulatani ya gani zai ji kunyar nasa. In ya yi kyau, ƙanena yana da shago a Shanono, shi ma bangonsa haka yake zaune."

Kira biyu ke nan a baki ɗaya. Basiru ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A bayan gidansu akwai turke, inda farin san huɗarsu yake ɗaure, wanda kowa ke ce wa Fari. Kullum Basiru ke zuba masa harawa. Ranar ma ya zuba, ya wuce bai ko ɗaga kai ba, ya shige ɗaki ya buɗe littafi a shafin sa.

Littafin bai yi masa rowa ba, gaskiya ɗaya ce. Har yadda ake mayar da ƙaramin hoto babba ya koya masa. Basiru ya ja zare a bangon shagon, ya tsaga shi gida-gida da gawayi, ya kwashe abin da ke kowane gida na takarda ya zuba a na bango. Ƙwai babba, ƙwai ƙarami. Ƙafafu suka sauka suka taka ƙasa sosai, ba irin na zanen bayan mota da suke lilo a iska ba. Ya sa ja, ya sa inuwa a ƙarƙashin ciki inda littafin ya ce a sa. Ana gobe kasuwa ya ja da baya ya duba. Ga sa nan jawur, ƙahoni gajeru, gadon baya a miƙe sak kamar an ɗora katako. Ya duba littafi, ya duba bango. Ko gashi bai bambanta ba.

Washegari kara ta cika. Basiru ya tsaya a gindin wata darbejiya, inda zai ji ba tare da an gan shi sosai ba.

Ja'e ne ya fara. Wani dogon Bafulatani ne da ya daɗe yana hulɗa da Alhaji Madu, kuma tsakanin Fulani da Barebari kowa ya san akwai wasa, ba a fushi. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya gaban bangon, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Madu! Fito, bawana!"

"Wane bawan?" in ji Alhaji daga cikin shago. "Kai da na saya da ƙwaryar nono ɗaya?"

"Fito ka gaya mini. Ina tozon?"

"Wane tozo?"

"Na san nan! La ilaha illallahu. Jama'a ku zo ku ga kwaɗayin Babarbare. Tun a bango ya yanke tozon ya gasa!"

Dariya ta ɓarke. Dillalai suka baro shanunsu suka matso. Wani ya ce tebur ne aka sa wa ƙaho. Wani ya ce a'a, sa ne, fari ne dai ya kama shi.

"Ni dai tambayata ɗaya," in ji Ja'e, yana nuna bangon da sanda. "Wannan kafin ya sha maganinka ne, ko bayan ya sha? In bayan ya sha ne, bari in koma wa saiwoyina. Ni nawa da tozonsu na kawo su, da shi nake so su koma."

Nan ne maganar ta shigi Basiru. A ƙasar nan tozo ake fara dubawa. Ya cika ya tsaya, sa yana da lafiya. Ya kwanta, sa yana jin jiki. Wanda babu shi gaba ɗaya kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta. Wannan Basiru ya san shi tun yana bin garma a baya. Ya sani, bai gani ba.

Alhaji Madu ya yi dariya tare da kowa, ya rama da cewa Bafulatani bai san magani ba sai ya ga saniya ta faɗi. Amma kafin azahar duk wanda ya tambayi inda ake sayar da maganin tsutsa, sai a ce masa, "Je ka shagon sa babu tozo." Da kasuwa ta watse, fuskar Alhaji ba dariya.

"Basiru. A ina ka taɓa ganin sa haka?"

"A littafi, Alhaji."

"Littafin ne zai zo sayen magani?"

"Zan gyara."

Ya gyara ɗin. A take ya dama fenti ya ɗora tozo a kan kafaɗar. Sai ya zama kamar an kife ƙwarya a kan benci. Ya ƙara masa girma, ya koma raƙumin da aka guntule wa wuya. San littafi ba a gina shi don ya ɗauki tozo ba, wuyansa a wani wuri yake fitowa, kafaɗarsa a wani wuri take zaune. Duk inda ya taɓa sai wani wurin ya ɓaci.

"Bar shi haka," in ji Alhaji. "Je ka gida."

Yana shiga gida ya yi jifa da littafin kan rufin rumfar turke. Ya ɗauki gawayi a murhun Inna, ya zauna a gaban Fari, ya fuskanci katangar ƙasa da ke bayan turken. Ba littafi, ba ƙwai. Abin da ido ya gani shi hannu zai yi.

Hannu ya ƙi. Fari ba ya tsayawa. Yana cikin jan layin baya sai ya juya kai, yana cikin ƙafa sai ya sauya ta, ga wutsiya tana korar ƙuda, ga baki yana tuƙa. Ya fara daga kai, kafin ya kai ƙugu katanga ta ƙare. Ya fara daga ƙugu, kai ya fito kamar na tunkiya. Ya goge da tsumma, ya sake, ya goge.

"Yaya, yau kuma akuya ake yi?" in ji Ramlat, ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Fita."

"Allah ba ka haƙuri. Tambaya ce."

Kwanaki yana nan. Da littafi ya yi ƙarya, babu littafi ya kasa komai. Wannan ne yake cin sa. Da a ce littafin banza ne gaba ɗaya, da ya cusa shi a murhu ya huta.

Wata safiya, don gajiya, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya zagaya ƙwai a katanga. Ya yi tsaki zai goge, sai ya ɗaga kai. Fari yana tsaye a kaikaice yana cin dusa. Ga ƙwan nan a ƙirjinsa, sai dai ya fi na littafi zurfi, ya kuma fi shi matsewa. Na ƙugu ba a miƙe yake ba, gangarawa yake yi zuwa wutsiya. Ga kuma na uku, wanda mai littafi bai taɓa gani ba, zaune a kan kafaɗa, ya ɗan kwanta baya kamar hular da aka karya. Wuya daga ƙarƙashinsa yake fitowa, da fatar nan mai reto har ƙirji.

Bai yi murna ba. Haushi ma ya ji. Shekara nawa yana zuba wa dabbar nan harawa?

Ya jiƙa farar ƙasa ya cike jikin, ya bi da gawayi. Ya sa ƙahon hagu da ya guntule a tsini, ya sa kantar karkiya a gaban tozo. Da ya gama bai tsaya kallo ba, ya wanke hannu ya nufi kara.

Tun daga nesa ya hango kore a inda bangon yake. An kafa ƙatuwar fasta ta leda, irin wadda ake bugowa da kwamfuta a Ɗambatta, ta rufe bangon tun daga sama har ƙasa. A jikinta wata saniya ce mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, tsaye cikin ciyawa shar, hantsarta kamar tulu. Gadon bayanta a miƙe sak.

Ja'e yana zaune a bencin ƙofar shago yana kallon ta.

"Kai, wannan ai ta ƙasar waje ce," yake cewa. "An ce ɗaya tana cika bokiti. Madu, in maganinka zai sa tawa ta yi rabin haka, na 'yanta ka."

Basiru ya gaishe su. Ya daɗe yana duban ledar.

"Alhaji, wannan ma ba ta da tozo."

"Wannan ai hoto ne, ɗana. Haka Allah ya halicce su a can."

"Nawa ma irin na can ne."

"Naka hannunka ne." Alhaji ya ce da shi a hankali, ba da faɗa ba. "Hannu in ya bar tozo, mantuwa ce. Na'ura ba a ce mata ta manta."

"Yanzu na iya. Ku zo gida ku gani."

"Na yarda. Amma ka ga an riga an kafa. Na Shanono ma tare aka bugo."

Ja'e ya dubi Basiru, kamar yanzu ya gane ko wane ne. "Kai ne mai san nan? Kada ka ji haushi, samari. Ni da Babarbaren nan nake."

"Na sani," in ji Basiru.

Da ya dawo ya tarar da babansa a turke, hannu a baya, yana fuskantar katanga. Bai juyo ba.

"Wannan Fari ne."

"Shi ne."

Malam Yahya ya miƙa yatsa ya bi kantar karkiyar, bai taɓa ba, don kada ya goge. Ya dubi san, ya dubi katanga. Basiru ya fara sa rai.

"An sake kiran ka?"

"A'a."

"To." Ya sauke hannu. "Baffanka ya bugo waya. Motar farko za ka bi."

Da sassafe Basiru ya ɗaura jaka. Ramlat ta biyo shi tsakar gida da wata doguwar gora a hannu ɗaya, littafin a ɗayan. A kan rumfa raɓa ta jiƙa shi, shafukan sun kumbura.

"Ga ƙwanka. Kada kaji su ce mun riƙe."

Ya tsaya yana kallon sa. Ya karɓa, ya naɗe, ya tura can ƙasan jaka ƙarƙashin kaya, ya ja zif da ƙarfi har ya kusa tsinkewa.

Ta bayan gida hanyar tasha ta fi kusa. Yana zagayowa ya ji ƙarar gurzawa. Fari ne ya ja igiyarsa har ƙarshe, ya jingina da katangar, yana sosa tozonsa a jiki, ido a lumshe don daɗi. Farar ƙasa tana zuba kamar gari. Tozon zanen ya riga ya tafi, saura wuya.

Basiru ya ɗaga hannu zai kore shi. Daga bakin titi ɗan kamasho ya ƙwala, "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!"

Ya sauke hannun, ya gyara jakar a kafaɗa.