Ɗakin Bakin Ƙofa

Duk wanda ya san Mama Mai Keke ya san labarin ɗakinta na bakin ƙofa, don ita ba ta iya yin alheri ta yi shiru ba. Kana kai mata ɗinki, kafin ta gama auna kafaɗarka ta zayyana maka komai. Shekara goma sha biyu da suka wuce 'yarta tilo ta tafi wani gari rubuta jarabawa, zazzaɓi ya kayar da ita a tasha, wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinta ba ta ɗauke ta ta yi jinyarta kwana tara. Ranar da yarinyar ta dawo da ƙafafunta, Mama ta durƙusa a coci ta yi wa Ubangiji wa'adi cewa ɗakin nan ya zama nasa, duk wanda aka kawo mata ba shi da wurin kwana za ta miƙa masa makulli. Da ta tsaya nan da an huta. Amma bakin Mama ba ya tsayawa inda ya kamata, sai da ta ƙara da cewa ba za ta tambayi ko wane ne ba, ko daga ina ya fito.

Maigidanta, mai gyaran agogo, ya sha dariya da ya ji. "Magana zarar bunu ce fa," in ji shi. Duk da haka shi ya yi wa ɗakin shuɗin fenti, ya sa gadon ƙarfe, ya buga ƙusa a karkace kusa da ƙofar falo don rataya makulli. Ɗalibai sun kwana a ciki, da wata mai jego, da wani tsoho da ya zo ganin likitan ido ya share wata guda. Ko bayan da babbar mota ta take maigidan a kan kekensa shekara bakwai baya, ɗakin bai taɓa rufuwa ba.

Wata Talata da yamma tana taka keke, allurai uku a bakinta, sai ga Fasto da wani ramammen mutum riƙe da jakar leda.

"Mama, ga baƙon Ubangiji na kawo miki," in ji Fasto cikin fara'a. "Jiya aka sallamo shi daga gidan yari, 'yan'uwansa sun ce kada ya taka musu gida. Sati biyu kacal, kafin mu samo masa aiki."

Ta ɗago kai za ta ce maraba. Sai ta ga tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu, ta ga yadda yake murɗa hularsa da hannu ɗaya. Zama huɗu ta yi a kotu tana kallon wannan tabon da wannan murɗar hular. Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke, alluran suka zube ƙasa.

Shi kuwa baƙon idonsa ya kai kan hoton maigidan da ke rataye ƙarƙashin agogon bango. Ledar ta suɓuce masa.

"Fasto, mu tafi," ya ce. "Don Allah mu tafi."

"Lafiya? Me ya faru?" in ji Fasto.

"Fasto," in ji Mama, ita kanta ba ta gane muryarta ba, "ka san wanda ka kawo mini? Direban da ya sha ya bugu ya take maigidana ke nan."

Fasto ya zauna daɓas a kan tarin yadudduka na mutane, baki buɗe. Shekararsa biyu kawai a garin, babu wanda ya taɓa gaya masa sunan direban.

"Wayyo Yesu! Mama, Allah ya sani ban sani ba. Ki gafarce ni. Zan kai shi wani wuri yanzun nan. Wannan ya fi ƙarfin mutum, Ubangiji ba zai kama ki da laifi ba."

Gaskiya ta ji daɗin wannan maganar, har cikin ranta ta ji daɗi. Ga malamin coci da kansa ya kwance ta. Ta bi su da ido suka fita, direban yana gaba kamar wanda ake kora, ya ma manta ledarsa a ƙasa.

Ta tashi za ta rufe ƙofa, sai ga makullin yana lilo a kan karkatacciyar ƙusar nan. Ta tsaya tana kallonsa. Ba Fasto ta yi wa wa'adi ba, balle ya kwance ta. Ita da bakinta ta ce ba za ta tambaya ba, kuma ba ta tambaya ɗin ba, amsar ce ta shigo mata falo da ƙafafunta. Tsohuwar da ta ɗauki 'yarta a tasha ma ba ta tsaya tambaya ba.

"Duk mutanen duniyar nan, Ubangiji," ta ce da ƙarfi, cikin fushi, "shi ka ga dama ka aiko mini? Shi?"

Ta fizgi makullin, ta ɗauki ledar, ta fita titi ba takalmi, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

"Kai, direba! Tsaya nan!"

Suka juyo. Mai shagon maƙwabta ya bar cinikinsa ya leƙo.

"Ban yafe maka ba," ta ce tana haki. "Kada wani ya gaya maka na yafe, ko Fasto ne. Ban san ranar da zan iya ba. Amma ɗakin nan ba nawa ba ne, na bayar da shi tun shekara goma sha biyu. Ba ni da ikon hana ka."

Mutumin ya zube a kan gwiwoyinsa yana kuka kamar yaro, ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Mama, ba zan iya ba. Gara na kwana a titi."

"Ni ma ba zan iya ba, ga ni nan ina yi. Kawo hannunka."

Ya ƙi. Sai ta sunkuya ta jawo hannun da kanta, hannun da ya riƙe sitiyari ran nan, ta danna makullin a ciki. Fasto na tsaye, hawaye na bin kumatunsa.

Ta koma gida ta ɗauko wankakken zanen gado, ta shiga shuɗin ɗakin ta shimfiɗa, tana jan kowace kusurwa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Direban ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga. Ta gama, ta zo wucewa ta gefensa ba ta dube shi ba.

"Gadon yana ƙara idan ka juya," ta ce. "Maigidana ya ce zai gyara ranar Asabar. Ranar Juma'a, ana gobe zai gyara, ka take shi."